Yadda Matsoraci Zai Yi wa Fim ɗin Tsoro Kiɗa

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin babu wanda zai gane cewa kukan mage ma firgita ka yake yi. Da su ɗan ƙanwata Ottavio ya riƙe kujerar mai ganga a ƙungiyar Ermanno ta nan birnin Torino, masu kiɗa a gindin majigi yayin da ake yanka mutane a samansu.

1. Cika baki tun wuri

Ranar gwaji ka ce, "Wannan ne jinin? Ai miyar tumatir ɗin mamata ta fi shi kauri." Haka Ottavio ya faɗa. Ermanno ya ce, "Madalla, jarumi. Amma ka kuskure duka ɗaya, ka koma shagon tsohonka yankan cuku."

2. Tara gashi

Mutane na zaton gashin makaɗan nan ado ne. Labule ne, malam. Sauke shi a fuska ka yi ta girgiza kai.

3. Nemi tsohuwa

Dole ganga ta faɗi daidai da saukar wuƙa. Kada ka kalli wuƙar. Zaɓi wata tsohuwa a sahun gaba, da ta rufe ido ka doka. Ka dai tabbata ta sha kofi. Ta Ottavio ta hau minshari tun kafin gawa ta biyu.

4. Zauna a kan hannunka

Mu nan, in mugun abu ya gifta, ƙarfe muke taɓawa don neman tsari. Da tsohuwar ta watsa masa ƙasa a ido, dole Ottavio ya ɗaga kai, sai ga wani hannu a majigi cikin baƙar safar hannu yana murɗa ƙofa, a daidai wurin da aka ce makaɗa su yi tsit. Ƙarfe mafi kusa da shi kuwa faifan gangarsa ne. Ya kai masa cafka. Ƙarar ta hargitsa silima, wani ƙaton mai gemu ya ƙwala wa uwarsa kira.

5. Haɗiye yabon

Ermanno ya sumbace shi a kumatu biyu. "Ɗan banza, ashe gwani ne kai! Kullum haka za ka yi, har mu kai wasanmu birnin Palermo. Zan sa a juya gangarka ta fuskanci majigin sosai, kada komai ya wuce ka."

Gargaɗi: ni shawara kawai na bayar, wanda ya bi ta ya yi kuka da kansa. Ottavio ya riƙe aikinsa, amma yanzu a ɗakin mamarsa yake kwana, kuma ya daina gaishe ni.