Ribas a Ofishin Manaja

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin a Sharada, lokacin ina aiki a wata masaƙa, naira ma ba ta daɗe da fitowa ba. Ni aji uku na tsaya a firamare, amma Allah ya ba ni kunne. Kalmar Turanci in ta gifta ta gabana sau ɗaya na cafke ta (ko da a karkace ne).

Ran Asabar heluma, wato shugaban ma'aikatan sashenmu, ya yi min tatas a gaban jama'a saboda zare ya tsinke. Zuciya ta ɗebe ni, na ce na bar aikin. Na sa Malam Sule akawu ya rubuta takardar barin aiki, na dangwala yatsa, na taka kekena har Panshekara ina hura hanci.

Matata Hajara ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Madalla, Malam. To gobe zuciyar za mu dafa wa yara? Da miyarta ta zo?"

Litinin da sassafe na koma neman aikina kafin Manaja ya sa hannu. Manajan Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Maimakon in roƙi tafinta kamar mai hankali, sai na shiga tambayar yadda ake janye magana da Turanci. Ɗanliti direba ya ce, "Ribas mana, duk abin da ya yi gaba da ita ake dawo da shi." Baba Soja maigadi ya ce, "Rabu da jahili, abawtan ake cewa." Malam Sule kuwa ya ce, "Ka ce ai widiro. Ko dai in yi maka bayanin?" Na ce ya zauna kurum ya sha kallo.

Ya kuwa sha.

Ina ta nanata widiro, widiro har bakin ƙofa. Ina shiga sanyin ofis ya buge ni, na hango takardata a kan tebur kusa da kofin shayi, kalmar ta zame. Na ƙame na ce, "Sa, ai windo!"

Manaja ya dubi taga, ya dube ni, ya yi nuni da hannu wai in buɗe. Na je na buɗe (me zan yi?). Na dawo ina gumi, na jawo ta biyu da ƙarfi: "Abawtan!" Don ya gane sosai har na juya irin na Baba Soja, na ba shi baya. Mutumin ya ga na fuskanci ƙofa, ya ce, "Oke, gudbai," na ji ƙarar cire murfin biro.

Nan fa idona ya raina fata. Saura kalma ɗaya. Na ce, "No, sa! Ribas! Ribas!" na fara takawa da baya da baya, ba madubi, ba mai cewa tsaya. Ban ankara ba mazaunaina suka daki tebur, kofin ya kife, shayi ya malale takardar har dangwalen yatsana ya narke.

Malam Sule, da ke zaune a gefen ofishin, ya sulale daga kujera yana riƙe da ciki. Da ƙyar ya iya yi wa Manaja bayani. Manaja ya ɗaga takardar tana ɗiga, ya faɗi wani abu, ya jefa ta kwando.

Na tambayi Malam Sule, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi ka koma bakin injinka. Amma da gaba za ka fita."

Shekara goma sha ɗaya na ƙara a masaƙar nan, ba wanda ya sake kiran sunana na yanka. Har Hajara, in na ɗaga murya a gida, sai ta ce, "Malam Ribas, a kawar da kofi ne?" Tun daga ranar, in zan yi magana da fushi sai na fara tambayar kaina ko na san yadda ake janye ta, kuma da wane yare.