Wasan da Bai Kai Waƙa ta Biyu Ba

A makarantarmu ta kwana a Kazaure na rubuta wasan kwaikwayo na waƙa, wanda za a yi kwana uku ana nunawa. Na ɓoye 'yan wasan cikin 'yan kallo, ban gaya wa kowa ba, don na tabbata za a yaba.

Da Rabi, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta miƙe daga benci tana rera waƙar makoki, ta zube ƙasa, sai ɗalibai suka watse ba takalma, wai aljanu ne. Malamin Islamiyya ya tsuguna ya fara mata ruƙiyya.

Rabi ta buɗe ido ɗaya. "Malam, wasa ne."

"Haka dukansu suke cewa," in ji shi.

Shugabar makaranta ta soke wasan nan take. Har yau in na shiga gidan biki, ƙawayena kan ce, "A matsa, uwar aljanu ta iso."