Ranar da Shanun Kawu Suka Ja Motata

Da na tashi sayen a-kori-kura, kawuna na Kebbe ya ce, "Ɗana, sayi mai shan fetur. Hanyarmu ba a samun dizal."

Na yi masa murmushin masana, ni da ban taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba. Na ce dizal akwai ƙarfi, ga auki, in ka cika tanki har mantawa kake da gidan mai.

Na sayi mai shan dizal. To, na manta ɗin. Na taso daga Tambuwal da buhunan geron mutane, allurar mai na ƙasa, ina gaya wa masu geron da ke cikin motar haka ta dizal take. Muna hango Kebbe motar ta yi tari ta mutu. Duk ɗan bumburutun da na tambaya, fetur yake miƙo mini. Da ƙyar na samo galan ɗaya wurin mai niƙa, ta ƙi tashi, wai ta shaƙi iska.

Shanun noman Kawu ne suka ja ta cikin gari, ina riƙe da sitiyari, kasuwa na kallo.

Na gaji da bayani. Har yau in na tsaya gidan mai sai wani ya leƙo: "Alhaji, mi za a zuba mata, dizal ko harawa?"