Ƙwai Biyu a Aljihun Gaba

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na fita neman gidan haya na dawo da gwaiduwar ƙwai a ƙirji. Lokacin ina karatu a ƙasar waje, a garin College Park, mai gidan da muke ciki ya sayar da gidansa, ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata, ga matata da ’yarmu Hanifa ba su daɗe da zuwa daga Kano ba. Duk inda na nema sai a tambaye ni takardun da baƙo ba shi da su. Gaskiya barci ya ƙaurace mini.

Wani abokin karatuna ɗan Malesiya ne ya ce kawunsa, Alhaji Osman, yana da ɗakuna a ƙasan gidansa a Gaithersburg, amma tsohon ba ya ba kowa haya sai sun zauna sun karya kumallo tare a shagonsa na kofi. Na ɗauko farar shaddata ta sallah, na kafa hula, na yi wanka da turare. Matata ta dube ni ta ce, “Abban Hanifa, interview ɗin gida za ka ko ɗaurin aure?” Hanifa kuwa ta riƙe mini riga a bakin ƙofa sai da na yi mata alƙawarin tsaraba.

Shagon kamar teburin mai shayi ne aka yi masa rufi, tsofaffi sun cika shi suna hira da yarensu. Alhaji ya tarbe ni da fara’a, ya sa aka kawo mini kofi mai madarar gwangwani, da gasasshen burodi da aka shafa wa bota da wani abu mai zaƙi na kwakwa, sai ƙwai biyu da ɓawonsu a ɗan kwano. Gefe ga faranti babu komai, ga wata kwalba mai baƙin ruwa. Ya buɗe baki zai yi mini bayani ke nan aka kira shi kicin.

Na cinye burodin, na shanye kofin. Na taɓa ƙwan na ji da ɗumi, na ce ai shi ke nan, dafaffen ƙwai, abin son Hanifa, tsaraba ta samu. (Kada ku tambaye ni me ya hana ni duba yadda maƙwabta suke yi da nasu. An tarbiyyantar da ni cewa kallon mai cin abinci rashin kunya ne, sai na kafa wa bango ido kamar surukin kirki.) Na waiga hagu da dama, na zura ƙwan duka biyun a aljihun gaba.

Da Alhaji ya dawo ya tambaye ni ya na ji ƙwan, sai na ce ai ya dahu sosai. Ya dubi kwanon, ya dubi farantin da ko ɗigo bai taɓa ba, har ƙarƙashin tebur ya ɗan leƙa. Muka yi hirar karatu da iyali da masallacin da yake zuwa. A ƙarshe ya ce zai yi shawara da matarsa, zai kira ni. Na fid da rai, don na sha jin wannan maganar, kuma ba a taɓa kirana ba.

Na miƙa masa hannu, shi kuwa bawan Allah ya jawo ni ya rungume ƙam-ƙam.

Ƙarar ba ta da yawa, amma na ji ta har ƙwaƙwalwa. Ashe su ƙwansu ruwa-ruwa suke dafa shi, a fasa a faranti, a zuba wannan baƙin ruwan waken suya da barkono, a tsoma burodi. Gwaiduwa ta gangaro kan farar shadda har cibiya, ta kuma shafi rigarsa. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Babu sauran abin ɓoyewa, na sunkuyar da kai na gaya masa cewa ’yata na yi wa guzuri. Tsohon ya yi dariya har sai da ya dafa kujera, sannan ya ce, “Ɗana, tun ɗazu nake son tambayarka ko a ƙasarku har da ɓawon kuke ci, kunya ta hana ni.”

Ya ba ni rigar ma’aikatansa na sa, ya zauna ya koya mini cin ƙwan kamar ƙaramin yaro, ya sa aka dafa wasu tauri aka ƙunshe wa Hanifa. Bai sake maganar shawara ba. Cewa kawai ya yi gobe in kawo masa yarinyar nan ta ga ɗakinta.

A gidan nan na gama karatu, a nan aka haifa mana na biyu, matarsa ce ma ta yi wa matata zaman jego. Har yau ba na sallah ban sa su a addu’a ba, Allah ya saka musu da alheri. Ni dai tun daga ranar, abin da ban sani ba ina tambaya, tsaraba kuma sai na girgiza ta a kunne kafin ta shiga aljihu.