Yatsana ɗaya, takarda biyu

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta ne, damina biyu bayan fara ta cinye geron Gidigir. Lokacin ina da hannun jari a kamfanin man gyaɗa na nan Gure, gadon maigidana, kuma ban bar kowa ya manta ba.

Ana saura kwana uku taron zaɓen shugaba, Malam Bukar mai riƙe da kujerar ya zo da goro da takarda. "Iya, dangwala nan, in jefa ƙuri'a da sunanki." Na dangwala. Washegari Elhaji Sanda mai neman tuɓe shi ya zo da tasa takardar, har da turare. Ni da ban taɓa mayar da baƙo hannu sake ba? Na dangwala masa, na ce a raina yau na nuna wa 'yan boko zaman duniya.

Ranar taro na sha lalle, na zauna gaba. Ƙuri'u suka zo kai da kai. Fanna sakatariya ta ɗaga takardu biyu, yatsa guda.

"Iya, wa kika wakilta?"

Na ce, "Duka 'ya'yana ne."

Aka soke ƙuri'ata, aka ɗage zaɓe wata guda, su biyun suka daina gaishe ni.

Bukar da Sanda sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Fanna, wadda har yau in mun gamu a kasuwa sai ta kama hannuna ta ce, "Iya, yau yatsan na wa ne?"