Rasuwar Ta-Goga, Tukunyar Kek ta Hidaya

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, Hidaya Bawa ta bayan tasha a Talata Mafara tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyarta ta gashin kek, wadda aka fi sani da Ta-Goga. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a bakin aiki, bisa murhun da ba nata ba. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da huɗu, sa'ar mai ita.

Marigayiya tukunyar ƙarfe ce ta zubi, mai cin tiya uku. Malam Bawa ya sayo wa matarsa Inna Taibatu ita a kasuwar Maradun shekarar da aka haifi 'yarsu Hidaya. Ta yi shekara ashirin da ɗaya tana tuƙa tuwo a garinsu Gidan Goga, ba a taɓa jin ta da kowa ba.

Safiyar da 'yan bindiga suka shigo garin a kan babura, Hidaya tana gida hutun makaranta. Ta je rafi ta wanke tukunyar, ta ɗebo yashi a ciki don cuɗar kwanoni, tana kan hanyar komawa ta ji harbi. Ta yi ta gudu da tukunyar a ka, ba ta tuna ana iya sauke ta ba sai da ta ga kwalta. Inna Taibatu ta fito. Malam Bawa bai fito ba, kuma har yau ba a ce ga shi ba, ba a ce ga kabarinsa ba.

A Mafara, wata baiwar Allah, Hajiya Lailatu, ta ba su ɗaki a gidanta don Allah. Hidaya ta koma makaranta ta gama difloma, ita ce ta ɗaya a ajinsu, takardar tana nan ƙarƙashin katifa tana jiran aiki. Ba ta taɓa shiga layin rabon tallafi ba, kuma duk wanda ya kira ta 'yar gudun hijira sai ta gaya masa cikakken sunanta. Abu guda ya gagare ta. Da babur ya wuce sai hannunta ya kama rawa, ko kofi ba ta iya riƙewa. Mafara kuwa gari ne na 'yan kabu-kabu, masu haya da babur.

Madam Elizabeth, ma'aikaciyar jinya da ke gidan gaba, ita ta ga yashin nan a tukunya ta ce wa Hidaya ai tanda ce a hannunta. Ta nuna mata yadda ake jera duwatsu uku bisa yashin, a ɗora gwangwanayen ƙullun kek, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Daga nan minti arba'in ba a buɗewa, ba a kuma tashi. Sai fifita, sai ƙarin gawayi ɗaya bayan ɗaya.

Nan halin marigayiya ya fito. Ba ta son gaggawa, ba ta kuma tambaya. Maganarta ɗaya ce, murfi ya ɗauki zafi ya ce, “Ƙis… ƙis…” Muddin tana wannan magana, Hidaya ba ta jin babur. Hannunta kan tsaya cak. Ba ta taɓa sayar da kek ɗin ba, rabawa take yi a gida. Minti arba'in ɗin nan su ne nata.

Ciwon ajali ya daɗe yana cin marigayiya. Shekara uku na wuta ba ruwa sun cinye gindinta, ya zama kamar takarda. Hidaya ta sani, shi ya sa ba ta barin kowa ya ɗauke ta. Sai aka tashi sunan jikar Hajiya Lailatu. Kowa ya san ranar suna ana tara tukwanen gida, kuma ba a hana aron tukunya, balle wanda aka ba ɗaki. Hidaya ta tafi gidan Madam karɓo fulawa. Aka zo wurin Inna Taibatu aron tukunyar, ta miƙa.

Masu girki suka ga yashi da duwatsu, tausayi ya kama su. Suka ce dubi bayin Allah, sun daɗe ba su ɗora babbar tukunya ba har ƙasa ta cika ta. Suka juye yashin a makwarara, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Suka dirje ta da soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, don su faranta wa mai ita rai. Aka cika ta da ruwa da shinkafa. Kafin ta tafasa gindin ya buɗe, ruwan ya kashe wutar. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa kalmarta ta ƙarshe ita ce, “Tsuuu.”

Hajiya Lailatu da kanta ta tari Hidaya a zaure. Ta ce, “Ɗiyata, yi haƙuri, za a sai miki sabuwa. Yashi kuwa mi a ciki? Gobe in sa a kawo miki buhu daga Bakura.”

Hidaya ta durƙusa ta ce, “Ba komai, Hajiya. Allah Ya raya.”

Ta duba ko'ina ta rasa wanda za ta yi wa fushi. Duk alheri suka nufa.

Marigayiya ta bar murfi guda mai lanƙwasasshen kunne, da gwangwanayen madara goma sha ɗaya, da mafici, da biyu daga cikin duwatsun. Ta bar Inna Taibatu, wadda tun Asabar ba ta haɗa ido da 'yarta ba. Ta bar Hidaya. Madam Elizabeth, Allah Ya saka mata, ta ba ta aron tandarta ta gas. Kek ya fito ya fi na da kyau. Sai dai tandar ba ta bukatar kowa ya zauna mata. Hidaya ta tsaya hannu sake a tsakar ɗakin girki, ta ji kowane babur da ya wuce.

Ranar Talata za a kai gawar wurin Maiwada maƙeri a kasuwa, wanda ya duba ya ce faci ba zai kama ba, sai narkarwa. Hidaya ce za ta ɗauke ta a ka, kamar yadda ta kawo ta, kuma ba ta neman rakiya. Yashin da ta iya kankarowa daga makwarara bai cika gwangwani ɗaya ba. Ta shanya shi ta ajiye, tana kuma roƙon kada kowa ya sai da ransa ya je Gidan Goga ɗebo wani.

Zaman makoki minti arba'in ne, bayan la'asar, a ƙofar ɗakin Inna Taibatu. Kada a ce Allah Ya ba da wata. Mai zuwa, don Allah, ya zo a ƙafa.