Kwamfuta a Kan Randar Inna

Ana gab da walimar saukar karatu a makarantar Baffana, sai na bugi ƙirji na ce ni zan haɗa bidiyon ɗalibai a nuna wa iyaye. Duk ƙauyenmu ni kaɗai ke da kwamfuta, ko da yake tsohuwa ce.

Na sa mata sabuwar manhajar tace bidiyo. Ina dannawa sai manhajar ta rufe kanta. Na dube ta duban masana, na yanke hukunci cewa zafi ne. Na ɗora ta a kan randar Inna, na hana kowa taɓa murfin har la'asar. Inna ta koma shan ruwa a maƙwabta, tana cewa, "Ku rage surutu, marar lafiya na hutawa."

Da na kai ta wurin mai gyara a Bici, sai ya tausaya min. "Malam, lafiyarta ƙalau. Manhajar ce ke ba ta umarnin da tsohuwar ƙwaƙwalwarta ba ta sani ba. Ko kan ƙanƙara ka kwantar da ita, ba za ta gane ba."

Aka yi walima babu bidiyo. Har yau in wayar wani ta ƙi aiki, sai Baffa ya ce, "A kai wa injiniya, a gaya wa Inna ta cika randa."